Baƙo Da Mai Masauki: Tarihin Zaman Kifi Ɗankama Da Furen Teku A Akwatin Gilashi

Gabatarwa

Wata shekara karatu ya kai ni ƙasar Ingila na 'yan watanni, aka saukar da ni a gidan wani dattijo wanda ba shi da abin sha'awa kamar kiwon halittun teku. A ɗakin zamansa akwai wani akwatin gilashi mai tsawon ƙafa huɗu, cike da ruwan gishiri da duwatsu da murjani mai rai. A ciki akwai wasu ƙananan kifaye biyu masu launin lemo da ratsin fari uku-uku. Kullum dare sai in ga sun je sun kwanta a cikin wani murjani mai taushi suna birgima, alhali kuwa ga wata halitta mai kama da fure can gefe, wadda dattijon ya saya da tsada musamman dominsu, ba su ko kallon ta. Da na tambaye shi, sai ya ce ai wannan ita ce ta uku. Ta farko ta kwaɗe ta yi fari ta mutu, ta biyu kuma ta tashi yawo da dare, injin tura ruwa ya zuƙe ta ya yayyanka.

Ni ɗalibin tarihi ne, saboda haka tambayar da ta tsaya mini a rai ita ce: yaya aka yi mutum ya kai ga ajiye wannan zaman tare a ɗakinsa, kuma wane ne ya biya kuɗin koyon? Abin da na gano shi ne manufar wannan maƙala. Mutane sun yi shekaru fiye da ɗari suna nazarin baƙon, watau kifin, suka bar mai masaukinsa a baya, shi kuwa mai masaukin shi ya yi ta mutuwa a hannunsu.

Su Wane Ne Ake Magana?

Kafin in shiga tarihi, ya kamata mai karatu ya san waɗanda ake zance a kansu. Kifin nan Turawa suna kiran sa da sunan da ke nufin ɗan kama ko wawan sarki, saboda adonsa da irin rangwaɗar da yake yi in yana iyo. A nan zan kira shi ɗankama. Akwai kusan iri talatin, kuma duk a ruwan ɗumi suke na Tekun Indiya da yammacin Tekun Fasifik. Akwai iri guda mai ratsi biyu a Bahar Maliya, wadda alhazanmu na dā suka riƙa ƙetarawa daga Sawakin zuwa Jidda. A Tekun Atlantika kuwa babu ko ɗaya.

Halittar nan mai kama da fure zan kira ta furen teku. Dabba ce, ba tsiro ba. Tana manne wa dutse da gindinta, bakinta yana tsakiya, kewaye da shi akwai yatsu masu ɗimbin yawa. A jikin kowane yatsa akwai dubban ƙwayoyin harbi, kowace da ɗan zare mai dafi a naɗe, wanda ke fita da zarar kifi ya gogi wurin. Murjani ɗan'uwan furen teku ne na kusa. Wanda matanmu suka sani a tsakiya da abin wuya ƙashin wani iri ne ja na Bahar Rum, amma mai rai shi ma yana da baki da yatsu da harbi. Daga cikin furannin teku fiye da iri dubu, kimanin goma kaɗai ne ke saukar da ɗankama, bisa lissafin da masaniyar nan Daphne Fautin ta yi a 1981.

Furen Teku Ya Riga Kifi Shiga Gida

Abin mamaki shi ne, mai masaukin ya riga baƙon shiga gidajen mutane da shekaru masu yawa. A 1828 wani masani na ƙasar Sikotilan, Sir John Dalyell, ya ɗauko wani ƙaramin furen teku daga gaɓar North Berwick, ya sa shi a kwalba, yana canza masa ruwa yana ba shi ɗan naman katantanwar teku. Aka laƙaba wa halittar suna mai ma'anar Kaka. Dalyell ya rasu a 1851, Kaka tana nan, ta yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu, tana haifar ɗaruruwan 'ya'ya, har ta mutu a lambun binciken tsirrai na Edinbara a 1887. Watau ta yi kusan shekara sittin a cikin kwalba.

A 1832 wata Bafaransa mai suna Jeanne Villepreux-Power, a tsibirin Sisili, ta ƙera akwatunan da za a nazarci halittun teku da rai. A 1846 Anna Thynne ta kwaso ƙananan murjani daga gaɓar Ingila ta kai Landan, ta raya su kusan shekara uku. Dabararta ita ce a riƙa sheƙa ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan a bakin taga domin iska ta shige shi, kuma 'yar aikin gidanta ce ke wannan wahala. Sa'an nan a 1853 aka buɗe gidan kifi na farko domin jama'a a gidan namun daji na Landan, a 1854 kuma Philip Henry Gosse ya buga littafinsa kan akwatin ruwa, wanda ya yaɗa sunan abin da kuma sha'awarsa.

Dalilai biyu suka taimaka. An soke harajin gilashi a Ingila a 1845, gilashi ya yi araha, jirgin ƙasa kuma ya sauƙaƙa zuwa bakin teku. Nan da nan sai ajiye furen teku ya zama abin yayi a gidajen masu hali. Maza da mata suka dinga bin gaɓa da guduma da kurfi suna ɓamɓaro su daga duwatsu. Ɗan Gosse, watau Edmund, ya rubuta a 1907 cewa kududdufan gaɓar da ya sani yana yaro masu tara halittu sun wawashe su, kuma littattafan mahaifinsa suna da hannu a ciki. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu sake cin karo da shi a wani teku.

Akwai kuma wani darasi na kuskure da wannan zamani ya bar wa na baya. Irin su Kaka 'yan ruwan sanyi ne na bakin gaɓa, sun saba da dukan igiya da zafin rana da ƙafewar ruwa, kuma abinci kawai suke bukata. Sai mutane suka ɗauka cewa furen teku abu ne mai sauƙin riƙo. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ganin Farko Da Gardamar Masana

Labarin zaman ɗankama da furen teku ya fara shiga littattafan masana ne a 1868, ta hannun Cuthbert Collingwood, wani likita Bature da ya yi tafiya a jirgin ruwa a tekun kudancin Sin da wajejen tsibirin Borniyo. Ya ga manyan furanni waɗanda suka fi faifai faɗi, da ƙananan kifaye suna shige da fice a cikinsu ba abin da ya same su. A ganinsa kifayen kusan 'yan ci-ma-zaune ne. Ba a ma da kalmar da za a kira irin wannan zama a lokacin, sai a 1879 Bajamushen nan Anton de Bary ya yaɗa kalmar kimiyya mai nufin zaman halittu biyu mabambanta wuri guda. Nau'in da kowa ke amfana shi ne mu za mu ce cuɗe-ni-in-cuɗe-ka.

A 1930 wani masani ɗan ƙasar Holan, Jan Verwey, ya yi nazari mai zurfi a gaɓar Batabiya, wadda yanzu ake kira Jakarta. Daga nan aka fara fahimtar cewa moriyar ta ɓangare biyu ce. Ɗankama ba gwanin iyo ba ne, in aka raba shi da furensa a teku ba ya daɗewa manyan kifaye za su haɗiye shi. Shi kuma yana korar wasu kifaye masu cin yatsun furen. Binciken baya ya ƙara nuna cewa kashin kifin taki ne ga mai masaukin, kuma motsin da yake yi da dare yana shigar da iska tsakanin yatsun.

To, me ya hana furen ya harbe shi? A 1958 Davenport da Norris a Amurka suka nuna cewa sirrin yana cikin yauƙin da ke jikin kifin. Daga nan gardama ta tashi. Dietrich Schlichter na Jamus ya ce kifin yana shafo yauƙin furen ne a jikinsa, har furen ya ɗauke shi wani sashe na kansa. Hujjarsa ita ce yadda kifin ke sabawa: ya taɓa yatsun da jela ko fiffike, ya ja baya, ya sake taɓawa, daga 'yan mintoci zuwa sa'o'i, kafin ya faɗa ciki gaba ɗaya. A 1980 Roger Lubbock na Ingila ya ce a'a, yauƙin na kifin ne da kansa, ya fi na sauran kifaye kauri, kuma babu abin da ke tsokano harbi a cikinsa. Binciken 'yan shekarun nan ya ƙarfafa wannan, domin an sami ƙarancin wani sinadari dangin sukari a yauƙin ɗankama, wanda shi ne ke sa ƙwayoyin harbi su tashi. Amma tun da wasu irin ɗankama na shiga kai tsaye, wasu kuma sai sun saba, ga alama kowane cikin malaman biyu ya riƙe wani gefe na gaskiya.

A 1977 Hans Fricke da matarsa suka bayyana wani abu da ya fi wannan ban mamaki, daga nazarin da suka yi a Bahar Maliya da Tekun Indiya. A kowane fure, mafi girma ita ce mace, mai bi mata shi ne mijinta, sauran ƙananan kuwa jira suke. In macen ta mutu, sai mijin ya rikiɗe ya zama mace, babban cikin masu jira ya zama miji. A 2003 Peter Buston ya nuna cewa a wani iri, kowane na ƙasa yana tsai da girmansa a kimanin kashi huɗu cikin biyar na wanda ke gabansa, don kada a kore shi. Duk wannan tsari ya samo asali ne daga abu guda: masauki yana da wuyar samu a teku, wanda ya samu ba ya sakewa.

Teku Ya Shiga Ɗaki

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, jirgin sama ya sa ana iya ɗauko kifi daga Filifin ko Indunusiya a kai Turai da Amurka da ransa. A shekarun 1960 aka sami gishirin teku na kanti wanda za a dama da ruwan famfo, aka kuma sami ɗanko mai haɗa gilashi ba tare da ƙarfen da gishiri zai ci ba. Akwatunan wancan lokaci ƙashin murjani ake jerawa a ciki, a riƙa wanke shi ya yi fari fat. Ɗankama ya jure wannan zama, domin yana da tauri, kuma ba ya bukatar fili tun da can ma a teku ba ya nisa da furensa. Furannin da aka riƙa sayowa tare da shi kuwa sai su yi 'yan watanni su narke.

Dalilin yana cikin littafi tun 1881, lokacin da Bajamushe Karl Brandt ya bayyana wasu ƙananan ƙwayoyin gansakuka da ke zaune a cikin naman irin waɗannan halittu. Ashe mai masaukin ɗankama yana da wasu baƙin a cikin jikinsa. Su ne ke amfani da hasken rana su haɗa abinci su ba shi, su ne kuma ke ba shi launin ƙasa-ƙasa. In haske ya gaza, ko ruwa ya yi zafi da yawa, sai su fita, furen ya yi fari, yunwa ta kama shi. Kaka ba ta da irin waɗannan baƙi, shi ya sa kwalba ta ishe ta. Fitilar ɗaki kuwa ina ita ina ranar tsakiyar duniya? Har ma masu saye suka riƙa zaɓen fararen furanni a kanti don sun fi kyau, ba su san mara lafiya suka ɗauko ba.

Gyara ya zo a hankali. A 1961 wani mutumin Jakarta, Lee Chin Eng, ya bayyana hanyarsa ta amfani da dutse mai rai daga teku, da ruwan teku, da hasken rana, a bar ƙananan halittun jikin dutsen su tace ruwan. Da yawa ba su yarda da shi ba a lokacin. A shekarun 1970 Peter Wilkens da ma'abota wannan kiwo a birnin Balin suka haɗa dutse mai rai da fitilu masu ƙarfi, da na'urar da ke fitar da dauɗa ta hanyar kumfa, da ƙarin ruwan farar ƙasa domin murjani ya gina ƙashinsa. Wannan hanya ta Balin ita ce tushen akwatunan yau. Da ita murjani ya fara girma a ɗaki, furen teku kuma ya sami damar rayuwa.

A farkon shekarun 1970 ɗin dai, Martin Moe a jihar Fulorida ta Amurka ya fara hayayyafar ɗankama domin sayarwa. Kifin ya sauƙaƙa aikin: macen tana manna ƙwai a jikin dutse, namijin ya yi ta yi musu fifita, su ƙyanƙyashe cikin mako guda ko kwana goma. Masu wannan sana'a suka tabbatar da abin da ya sauya lissafi duka. A cikin akwati, inda babu mai farautarsa, ɗankama yana girma ya yi aure ya haihu ba tare da ya taɓa ganin furen teku ba. Guntun tukunyar ƙasa ya ishe shi.

Da Babu Gara Ba Daɗi

Wannan ya kawo mu ga abin da na gani a gidan dattijo. Ko da bukata ta kau, ɗabi'ar neman masauki ba ta kau ba. Ɗankama na gida yakan zaɓi murjani mai dogayen yatsu, ko mai taushi irin na fata mai siffar laima, ko babbar katantanwar teku, wani ma ya tare a jikin injin tura ruwa ko a kusurwar gilashi. In ya zaɓa kuwa da wuya a sauya masa ra'ayi. Akwai shaida cewa ƙanana suna gane irin furensu ta hanyar ƙamshi. Kuma ba kowane fure ne na kowane kifi ba: akwai iri guda na ɗankama da ke shiga duk goman, akwai wanda ba ya shiga sai guda. Irin da aka fi sayarwa, mai launin lemo da ratsi uku, furanninsa na asali uku ne, kuma su ne mafi wuyar riƙo a gida. Saboda haka sai a haɗa shi da wani fure mai kumburarrun yatsu wanda ba su saba zama tare a teku ba. Wani lokaci ya karɓa, wani lokaci ya yi shekara bai kula ba. Wasu ma furen Tekun Atlantika ake sayar musu, inda ɗankama bai taɓa zama ba.

Shi murjanin da aka maƙala wa baƙunci bai roƙa ba. Wani yakan saba, wani kuwa yawan gogar kifin ya sa ya ƙi buɗewa har ya rame. Kifin ma yakan fito da baƙaƙen ɗigo a fata saboda harbin murjanin. Wani abin lura, masu wannan kiwo a Turance sukan juya maganar, su ce kifin ne ya sauki furen, alhali furen ne mai gida. Ni a ganina wannan tuntuɓen harshe ya fallasa inda hankalinsu yake.

Kuɗin Da Teku Ya Biya

Wani rahoto na hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2003 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan ɗaya da rabi zuwa miliyan biyu ne ke da akwatin ruwan gishiri a lokacin, kuma ana cinikin kifaye miliyan 20 zuwa 24 a shekara, ɗankama yana sahun gaba. A shekarar ce kuma fim ɗin Finding Nemo ya fito, jaridu suka yi ta cewa ya haddasa wawason kifin. Binciken da Militz da Foale suka buga a 2017 bai sami ƙwaƙƙwarar shaidar haka ba. Hankalin duniya ya sake tafiya wajen baƙo, wanda ake iya hayayyafarsa dubbai a cikin tanki.

Ɓarnar da ta fi tsanani tana wajen mai masauki. Wani bincike da aka buga a 2005 daga yankin Sebu na Filifin ya nuna cewa wuraren da ake kamun halittu domin ciniki sun fi ƙarancin furanni da kifayensu bisa wuraren da aka tsare. Manyan furannin nan suna da tsawon rai, ba sa saurin hayayyafa. In aka ɗauke kifi, wani ƙarami zai iya zuwa ya maye gurbinsa. In aka ɓamɓare fure kuwa, an rushe gidan da zuriya bayan zuriya za su zauna ke nan. Abin da Edmund Gosse ya yi kuka a kansa a gaɓar Ingila, shi aka maimaita a wani teku. Bugu da ƙari, ɗumamar ruwa irin ta 1998 da 2016 ta sa furanni sun yi fari a teku kamar yadda suke yi a akwati, kuma wani nazari a tsibirin Moorea da aka buga a 2017 ya nuna cewa kifayen da ke cikin fararen furanni ƙwansu ya ragu ƙwarai.

Akwai dai abin ƙarfafa zuciya. Furen nan mai kumburarrun yatsu yana rabewa biyu da kansa in ya ji daɗin wuri, saboda haka masu kiwo suna ba juna 'ya'yansa ba tare da an taɓa teku ba. Ƙwararrunsu kuma sun tsaya a kan shawara guda: kada a sa fure sai akwati ya yi wata shida ko fiye ruwansa ya zauna, a ba shi isasshen haske, a rufe bakin injin ruwa domin furen yana tafiya in wuri bai yi masa ba.

Kammalawa

Daga Collingwood zuwa yau, tambayar da aka fi yi ita ce me kifin yake samu, kuma yaya yake tsira. Tambayar me furen yake bukata ta zo a makare, ko da yake amsarta tana rubuce tun 1881. A teku, ɗankama ba ya rayuwa sai da fure. A ɗaki kuwa mai akwatin ne ke bukatar furen, domin idonsa yana son ya ga hoton da ya sani. Wannan sha'awa ba laifi ba ce, amma wanda bai shirya ɗaukar nauyin mai masauki ba, gara ya bar shi inda yake.

Kafin in baro Ingila, dattijon ya kai furensa na uku wurin wani abokinsa mai fitilu masu ƙarfi. Daga baya ya aiko mini cewa furen ya rabe biyu a can, su kuma kifayensa suna nan a cikin murjaninsu, har sun yi ƙwai a jikin dutsen da ke gindinsa.